In sikirif ɗinka na PyMOL ya gudu amma furotin bai canza a allo ba

Ɗaliban bayokemistiri na Aliero da Birnin Kebbi da Gusau masu aikin furojet da PyMOL, wato manhajar zana siffar furotin a kwamfuta, wagga matsala kusan kowa na cin karo da ita: ka rubuta sikirif, ya gudu babu jan rubutun kuskure ko ɗaya, amma furotin na nan yadda yake. Kada ka yi saurin goge komai. Sau da yawa umarnin ya yi aikinshi, allon ne ba a ce mishi ya sake zane ba.

Fara da tabbatar da cewa abin da ka zaɓa akwai shi. Rubuta count_atoms chain A, don ya ƙirga atam ɗin da ke cikin sarƙar (chain) A. In ya ba ka 0, to zaɓin ne ba daidai ba, wataƙila sarƙar B ce.

Sai umarnin alter, nan ne mafi yawan ciwon kai yake. Shi alter bayanan atam yake canzawa a ciki, ba ruwanshi da hoton da kake gani. In ka canza ss (siffar naɗin furotin) don wani yanki ya koma H (helix) ko S (sheet), ko ka canza vdw (girman atam), sai ka bi shi da rebuild sannan zanen ya fito sabo. In lambar resi (lambar amino asid) ko sunan chain ka taɓa, sa sort nan take, in ba haka ba jerin atam ɗin zai rikice kuma cartoon, wato zanen furotin mai kama da ribon, ya rinƙa tsinkewa a wuraren da bai kamata ba. Wanda kuma ya zuba ƙididdigarshi cikin b (gurbin B-factor na kowane atam) don ya fenta furotin da ita, launi ba ya bin lamba da kanshi, dole ka sake kiran spectrum b bayan alter, ba kafin shi ba. Don Allah a kula da wanga tsari, na sha ganin hoto ya shiga furojet da tsohon launi alhali lambobin sun canza.

Akwai kuma fetch, umarnin da ke sauko da fayil ɗin furotin daga intanet. A tsofaffin PyMOL kafin 2.3, in netwok na jan ƙafa, layi na gaba kan iya gudu tun fayil bai sauko daga PDB (rumbun siffofin furotin) ba. Sa async=0, a Python kuma async_=0 saboda tun Python 3.7 kalmar async ta zama keɓaɓɓiya. Ni dai na fi son a sauke fayil ɗin lokacin da ake da data, a yi amfani da load.

Allo ya daskare gaba ɗaya? Duba ko sikirif ya kunna suspend_updates (saitin da ke hana allo sake zane) ya mutu a tsakiya, sai ka rubuta set suspend_updates, off. Cikin madauki (loop) kuma sa refresh in kana son ganin kowane mataki.

In duk an yi bai gyaru ba, gwada sikirif ɗin kan ƙaramin furotin kamar 1CRN mai amino asid 46, layi bayan layi, har ka ga inda ya tsaya.