Yadda za ka jera fina-finan da suka fi burge ka a shekara ba tare da ka yaudari kanka ba

Duk ƙarshen shekara sai an yi musun nan a majalisarmu, wai wane fim ne ya fi kowanne bana, kuma kullum zancen a waje ɗaya yake ƙarewa, kowa ya ambaci wanda ya kalla makon jiya ko wanda gwaninsa ya fito a ciki, a yi ta hayaniya har mai shayi ya fara kife kofuna. Ni ma da haka nake yi. Sai wata shekara na ce bari in zauna in rubuta goma na, na rubuta shida na tsaya cak, wallahi na san na kalli fim ya fi talatin a shekarar amma kaina ya ɗauke kamar an zare batir. Tun daga nan na samo wata ƴar dabara, ita ce zan faɗa maka, in ta yi maka ka ɗauka.

Aikin ba a Disamba yake farawa ba, tun Janairu ne. Ka ware waje ɗaya a wayarka inda kake ajiye rubutu, ko ka sayi ɗan littafi mai shafi 40 irin na ƴan firamare, duk fim ɗin da ka gama sai ka rubuta sunansa da ranar da ka kalla da inda ka kalla, sannan layi ɗaya tak a kan abin da ya tsaya maka a rai. Wannan layin fa shi ne jarin. Kar ka rubuta "ya yi kyau", don nan da wata takwas ba abin da "ya yi kyau" zai tuna maka. A nawa littafin akwai inda na rubuta "wajen da uwar ta ajiye masa kwanon tuwo ta juya ba ta ce uffan ba", akwai kuma inda na rubuta "na yi barci sau biyu, ƙarshen kuma an yi shi a gurguje kamar kuɗin furodusa ne ya ƙare". Ko yau na karanta waɗannan sai fim ɗin ya dawo min gaba ɗaya.

In kuma yanzu kake karanta wannan shekara ta riga ta zo gangara ba ka rubuta komai ba, ba a rasa nono a ruga. Shiga YouTube ka duba jerin abubuwan da ka kalla a baya, leƙa cikin memori ka ga abin da aka tura maka, ka tambayi mutanen gida, musamman ƙanne mata, su kam ba sa mantuwa, har ranar da ka yi ƙwalla ka ce hayaƙin maganin sauro ne sai sun tuna maka.

Daga nan sai dokoki, kuma ka kafa su kafin ka fara jeri, in ba haka ba za ka kama kanka kana lanƙwasa doka don wani fim ya samu shiga. Ta farko, me ake nufi da "na bana"? Wanda ya fito bana ko wanda kai ka fara gani bana? Masu gasar Oscar a Amurka shekarar fitowa suke bi, shi ya sa fim ɗin Koriya ta Kudu ɗin nan Parasite da aka fara nunawa a bikin Cannes na Faransa a Mayun 2019 sai a Fabrairun 2020 ya karɓi babbar kyautar, kuma lissafin 2019 aka sa shi. To su a ƙofar gida ake haska musu. Mu nan fim ɗin Indiya zai iya shekara biyu ko uku da fita kafin a fassara shi da Hausa ya iso wajen masu tura fim a waya, ka ga in ka ce sai wanda ya fito bana ka zubar da rabin abin da ka kalla kenan. Ni dai dokata ita ce duk wanda na fara gani tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Disamba ya shiga, ko da kuwa ya girme ni. Wanda na maimaita bai shiga ba.

Doka ta biyu ita ce ta fim mai dogon zango, kuma nan ne rigimar take. Tun wajen 2020 da irin su Labarina da Izzar So suka kama kasuwa, yawancin abin da ake kallo na Kannywood ya koma mako-mako a Arewa24 da YouTube, fim ɗin da za ka zauna ka gama a zama ɗaya ya yi ƙaranci. Ba adalci ba ne ka haɗa abin da ka shekara kana bi duk sati, ka saba da mutanen ciki kamar ƴan layinku, da fim ɗin awa biyu da ya zo ya wuce a dare ɗaya. Sabo kaɗai zai ba mai dogon zangon nasara. Raba su gida biyu. Kuma a na dogon zangon ma zango guda za ka auna, wanda aka yi a shekarar, don akwai shirin da zangonsa na farko ya yi daɗi kamar me amma daga baya aka koma jan labari, mutum ya fito daga mota ya rufe ƙofa ya taka har falo a kwashe minti uku ana buga kiɗa.

Maganar haɗa na Hausa da na Indiya da na Amurka da na Kudancin Najeriya a jeri ɗaya kuwa, na san wasu za su ce bai kamata ba tunda kuɗin da aka kashe ba ɗaya ba ne. Ni ina haɗawa. Dalilina kuma shi ne ainihin abin da nake son ka riƙe a duk rubutun nan: ba jerin "waɗanda suka fi kyau" kake yi ba, jerin "waɗanda na fi so" kake yi, kuma waɗannan biyun ba uwa ɗaya ta haife su ba. In ana maganar kyan hoto da sauti da ƙwarewar ɗauka to kullum mai kuɗi ne zai cinye. Amma in tambayar ita ce wanne ya taɓa ka, to fim ɗin da aka ɗauka a tsakar gida ɗaya da kyamara ɗaya zai iya kayar da wanda aka rushe gari guda a cikinsa. Sharaɗin kawai kar ka yi makin tausayi, wato "ai namu ne bari in ɗan ɗaga shi", wannan raini ne ma ga masu yin in ka duba da kyau.

To yanzu jerin kansa. Kar ka fara da ba da maki. Na gwada irin na IMDb daga 1 zuwa 10, na gwada taurari biyar irin na Letterboxd (dukansu shafukan intanet ne da masu kallo ke ba fim maki), abin da ya faru kusan kowane fim sai na ba shi bakwai cikin goma, na wayi gari da fim goma sha huɗu duk masu bakwai, ina amfanin baɗi ba rai. Abin da ya fi shi ne ka fara kasa su kashi uku kamar mai tallan tumatir: waɗanda za ka sake kallo da kuɗin datarka, waɗanda za ka kalla in ka tarar ana yi, da waɗanda ko kyauta aka ba ka sai ka ce a bar shi. Kashi na uku ka share su. Na biyu ka ajiye a gefe ko za a buƙaci cike gurbi. Aikinka yana kan kashin farko.

Su kuma bibbiyu za ka riƙa gwada su, da tambaya ɗaya wadda ba ta barin mutum ya yi wa kansa ƙarya: an kawo wuta yanzu, ka san ba za ta wuce awa biyu ba, wanne za ka saka cikin biyun nan? Amsar da ta fara faɗo maka ita ce, kar ka tsaya kawo hujja. Sai dai in ka ce kowanne sai ya kara da kowanne aikin zai yi yawa, fim 10 karo 45 ne, fim 20 kuwa karo 190, wa ke da wannan lokacin. Ga hanyar yanke: ɗauki biyu ka jera, sannan duk sabon da ka ɗauko ka gwada shi da na tsakiyar jerin, in ya fi shi ka koma tsakiyar rabin sama, in bai kai ba ka koma tsakiyar rabin ƙasa, haka har ya samu mazauni. Ko jerin ya kai 15 tambaya huɗu ta ishe ka ajiye sabon fim a gurbinsa. Ni da guntayen takarda nake yi a kan tabarma, kowane fim da tasa, don matsar da takarda ya fi gogewa da sake rubutawa sauƙi, sai dai ka kashe fanka tukunna.

In ka gama za ka ga jeri ya fito, amma kar ka yarda da shi tukun, akwai ɓarayi a ciki.

Babban ɓarawo shi ne waƙa. Mu da muka taso da fim ɗin Hausa da na Indiya mun san wannan, waƙa ɗaya mai daɗi sai ta ɗauki mataccen labari ta kai shi na biyu. Gwajin mai sauƙi ne, cire waƙar a ranka ka ba wani labarin fim ɗin da baki a minti biyu. In ka ga kana ta "sai kuma... to daga nan dai..." ka san waƙar kake so, je ka yi mata nata jerin daban. Haka ma fassara, wani fim ɗin Indiyan ba komai a cikinsa, mai fassarar ne ya zuba masa barkwanci da karin magana har ya zama abin kallo, to ka san wa kake yaba wa.

Sai son jarumi. Kowa da gwaninsa, ba laifi, amma in ka duba biyar ɗinka na sama ka ga fuska ɗaya a huɗu, tambayi kanka da wani ne ya hau wannan matsayin zan sa fim ɗin a nan?

Akwai kuma yanayin da ka kalla, wanda mutane ba sa lissafawa ko kaɗan. Fim ɗin da ka gani a silima ranar Sallah da sabon ɗinki da abokai ana ta shewa, da wanda ka gani a waya mai fasasshen gilashi, hoto dishi-dishi saboda kana tattalin data, caji saura kashi tara, ga sauro, ba a fili ɗaya suka yi kokawa ba. Akwai wani fim da na yanke wa hukuncin cewa ba shi da kan gado, ashe wanda ya tura min ne ya tsallake kashi na biyu ya ba ni na ɗaya da na uku, sai da na sake kallo cikakke bayan wata biyar na ga ashe ni ne ban da kan gadon, ya ƙare a na uku a jerina na shekarar. Shi ya sa na ce ka riƙa rubuta inda ka kalla. Duk wanda ka san an zalunce shi ka ba shi dama ta biyu kafin ka rufe littafi.

Na watan Nuwamba da Disamba su ma ka sa musu ido, zafinsu bai huce ba, kullum sai sun haye sama fiye da ƙarfinsu, na Fabrairu kuma su yi ta zamewa ƙasa ba don komai ba sai don sun kwana biyu. Maganinsa ka koma ka karanta layin da ka rubuta a ranar.

Kyaututtuka da surutun mutane kuwa ka saurara amma kar su riƙe maka biro. A 2024 kwamitin Najeriya ya zaɓi fim ɗin Hausa Mai Martaba ya wakilci ƙasar a gasar Oscar, abin alfahari ne kuma dalili ne mai kyau na ka neme shi ka kalla, amma kwamiti nasu ma'aunin daban, kai kuma tambayarka tana nan yadda take, an kawo wuta wanne za ka saka. In fim ɗin da kowa ke yabo bai yi maka ba ka bar shi a waje, in kuma wani ɗan fim ɗin barkwanci da kake jin kunyar ambata a gaban mutane shi ka kalla sau huɗu, to sau huɗun nan shaida ce, sa shi inda ya dace.

Ukun farko ka sake kallonsu in da hali, ko da rabi-rabi ne. Daga na huɗu zuwa na goma kar ka wahalar da kanka, tsakanin na bakwai da na takwas ba wani abu ba ne.

In kuma jerin na taro ne, ku da abokai ko ƴan gida, kowa ya rubuta nasa a ɓoye kafin a buɗe baki, don da zarar Yaya babba ko mai bakin majalisa ya faɗi nasa sai ka ga rabin wajen sun bi. Sannan a ba na ɗaya maki 10, na biyu 9, haka har na goma ya samu 1, a tara. Aibin wannan lissafin shi ne wani lokaci fim ɗin da kowa ya sa a na huɗu, ba wanda ya mutu a kansa, shi zai zo na ɗaya. In ba ku son haka ku yi irin yadda ake zaɓen babban fim a Oscar tun bikin 2010: a ƙirga na ɗayan kowa, wanda ya fi ƙarancin ƙuri'a a fitar da shi, waɗanda suka zaɓe shi a koma kan zaɓinsu na gaba, a yi ta yi har wani ya haura rabi. Mun gwada a majalisa mu tara, ya ɗauke mu kusan awa ɗaya saboda mutum biyu sun rubuta fim ɗin da ba su kalla ba sai tallansa kawai suka gani, dole aka soke takardunsu aka sake. Tun daga ranar muka ƙara doka, duk fim ɗin da ka rubuta sai ka faɗi yadda ya ƙare kafin a karɓi takardarka.