Kurakuran da ke hana yawon buɗe ido kawo kuɗi

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne farawa da katafaren gini. An buɗe Tinapa a Kalaba a 2007 da niyyar ta zama kasuwa da wurin shaƙatawa irin na Dubai, amma ba a jima ba shagunanta suka koma fayau. Baƙo ba ya biyan kuɗin jirgi don ya ga siminti. Abin da yake tambaya shi ne: hanyar tana da kyau? Akwai ruwa a famfo? Banɗaki fa? A fara da waɗannan, kuma duk abin da za a gina, a ware kuɗin gyaransa tun kafin a aza tubali.

Na biyu, wanda a ganina ya fi muni, shi ne mayar da mutanen gari 'yan kallo. Dubi ƙauyukan da ke kewaye da Yankari a Bauchi, dajin da aka keɓe tun 1956. Manomi ya kwana yana buga gwangwani yana kora giwa, da safe ya tarar an tattake masa dawa, alhali ko sisi daga kuɗin ƙofa ba ya shiga aljihunsa. Ranar da mafarauci ya biyo ta gonarsa, don me zai kai rahoto? Ruwanda ta gane wannan. Tun 2017 takardar izinin ganin goggon biri dala 1,500 ce, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandun dajin ƙasar ke samu yana komawa ga ƙauyukan da ke makwabtaka da su, ana gina azuzuwa da asibitoci. Ko ba a kai haka ba, a ɗauki 'yan gari aikin gadi da jagora, otal kuma ya sayi kaji da tumatir a hannunsu.

Sai zaman jiran Turawa. Agadas ta daɗe tana cin abinci da baƙin Faransa. Tawayen Abzinawa na 2007 da sace-sacen mutane a Sahara suka katse su, maƙeran azurfa da direbobi suka rasa ciniki. Baƙon gida bai cika gudu irin haka ba. Ɗalibai, ma'aikata da iyalai masu hutun Sallah su ne kasuwar da za a fara nema, da farashin da aljihunsu zai ɗauka.

Akwai kuma rashin tsayayyar rana. Bikin kamun kifi na Argungu ya faro a 1934, UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma sai da aka yi kusan shekara 10 ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Kamfanin tafiye-tafiye ba zai sayar da tikitin bikin da bai san ranarsa ba. A sanar da rana tun da watanni, kuma kada a ɗaga ta don wani babba ya yi tafiya.