Kurakuran da masu sayen DAC mai araha ke ta maimaitawa

Wallahi na gaji. A satin nan kaɗai mutum uku suka turo min hoton DAC a WhatsApp wai "Malam in saya?", kuma duk hanya ɗaya suke shirin bi su zubar da kuɗi, hanyar da ni ma na taɓa bi na ji a jikina. Ga wanda bai sani ba, DAC 'yar na'ura ce da ke karɓar waƙa tana lambobi, ta mayar da ita wutar da iyafis ko sifika za su kaɗa har kunne ya ji. Kowace waya da kowace laftof tana da ita a ciki, abin da ya ƙara sa mutane sayenta daban shi ne tun da Apple ta cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016 wasu kamfanonin suka bi sahu.

Babban kuskuren da ya fi cin mutane shi ne zaton DAC za ta gyara mummunan iyafis. Ba za ta gyara ba. Ni na tara kuɗi kusan albashin wata guda na yi odar DAC ta tebur daga waje, na yi sati uku ina jira, ranar da ta iso ko abincin dare ban tsaya ci ba na jona ta da wani hedfon da na saya a gefen titi a Terminus nan Jos, na sa waƙar da na fi sani, mai kalangu da garaya. Da farko na ce kai, duniya sabuwa! Washegari ƙanina ya ce "Yaya, juya baya in riƙa canza maka, ka faɗi wacce ce wacce." Muka daidaita ƙarar ta zo ɗaya da ta laftof, ya yi ta canzawa sau goma, na kasa bambancewa. Ashe daɗin da na ji jiya ƙara ce kawai ta fi yawa, kuma haka kunnen ɗan Adam yake, duk abin da ya ɗan fi ƙara sai ya ce ya fi daɗi. Kalangun nan yadda yake a cushe a da haka ya fito a cushe, don hedfon ɗin ne ya kasa. Na yi kwanaki raina a ɓace. Tun daga nan in zan kashe naira uku, biyu na hedfon ne ko sifika, ɗaya ta ishi DAC, wani lokacin ma har da canji. 'Yar igiyar USB-C ta Apple da ake sayarwa dala 9 a Amurka, DAC ce cikakkiya a cikin kan nan nata, kuma masu auna sauti da na'ura sun daɗe suna yaba tsaftarta. Sai dai a wayoyin Android da yawa ƙararta kan fito ƙasa-ƙasa, kuma jabunta ya cika kasuwa, a kula.

Na biyu wuta. Nan ne nake jin zafi sosai, don mu a nan Jos ba irin wutar masu yin bidiyon YouTube gare mu ba, su ba su san janareta ba. Mutum ya jona laftof da caja, ya jona DAC, ya jona amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, a wani soket daban, sai sifika ta fara wani gurnani huuuu ko ƙiii-ƙiii duk lokacin da ya motsa maus, nan take ya ce DAC ɗin ce jabu ya tafi neman mai tsada. Haba ɗan uwa, zare cajar mana ka saurara! In gurnanin ya ɗauke, to daga wuta yake shigowa ta waya, ko ka sayi ta miliyan zai biyo ka. Ni duk kayan sautina soket ɗaya nake haɗa su, kuma in na'urar tana da ramin optikal da shi nake amfani, tunda haske ne ke ɗaukar sautin babu ƙarfen da zai haɗa wutar na'urorin biyu. Wasu kan karya ƙafa ta uku ta fulogi don gurnanin ya tafi, don Allah a daina, wannan ƙafar ita ke kare ka ranar da wuta ta taɓa jikin amfilifaya.

Kuma waccan DAC ɗin tawa mai tsada, wuta ce ta kashe ta, da hannuna. Adaftarta ta ɓata lokacin da muka tashi daga gida, na ga ta dikoda bakinta ya shiga daidai, na soka. Ita 5V take ci, ni na ba ta 12V. Ɗan haske ya yi fat, sai warin ƙonannen roba, shi ke nan. Mai gyara ya buɗe ya nuna min wani ɗan baƙin abu da ya kumbura kamar ƙwayar wake ya ce "Oga, wannan sai dai haƙuri." Ku riƙa karanta rubutun da ke bayan na'ura kafin ku soka komai, shigar baki ba ita ce dacewa ba. Yanzu wadda nake da ita da fawa bank nake ba ta wuta, ko an ɗauke ko an kawo ko an tada jen babu ruwanta.

Sauran ƙanana ne. Kar lambobin kwali su ruɗe ka, 32-bit/384kHz ɗin nan da ke nuna yawan bayanan sautin da za ta iya karɓa, faifan CD 16-bit/44.1kHz ne kuma yana ɗaukar sauti har 22kHz, kunnen yaro mai lafiya ma a 20kHz yake tsayawa, namu kuwa ya sauko. Sunan cif, wato ɗan abin da ke yin aikin a cikin DAC, ma haka, ESS ne ko AKM ko Cirrus Logic, yadda aka haɗa kewayensa ya fi sunan muhimmanci. Waƙar da ka sauke MP3 128kbps, an tura an sake turawa, DAC ba ta dawo da abin da aka riga aka yanke, nemi FLAC, wato fayil ɗin waƙa da ba a yanke masa komai ba, ko aƙalla MP3 320kbps. In iyafis ɗin Bluetooth gare ka kar ka sayi komai, tasa DAC ɗin tana cikinsa. Kebul ɗin USB mai ruwan gwal ɓarnar kuɗi ne.

Hedfon mai 250 ko 300 ohm (ma'aunin yadda yake tirje wa wuta) irin su Sennheiser HD 600 shi kam yana son ƙarfi, ƙaramar igiya za ta sa shi magana amma a sanyaye, sai an haɗa da amfilifaya ko a nemi irin DAC ɗin kamfanin FiiO masu ɗan ƙarfi. Iyafis na 16 zuwa 32 ohm bai buƙatar wannan.

Sannan akwai adafta mai kama da DAC wadda babu komai a cikinta sai waya zalla, wayoyin Samsung da Pixel marasa rami ba sa karɓarta. Shi ya sa ko a Ahmadu Bello Way ne ba na biyan kuɗi sai na jona a wayata da iyafis ɗina, na sa waƙata, na tsayar da ita in ji ko akwai shuuu a shiru, sannan in lanƙwasa wuyan igiyar a hankali in ji ko sautin zai yanke.