Babi na 6: Rage Wa Akwatin Kallo Zafi

Akwatin kallo shi ne ɗan baƙin akwatin nan da ake jonawa da talabijin don kallon fim da ƙwallo ta intanet. Wasu suna ce masa Android bokis. Bai wuce tafin hannu ba, kuma yawancinsu ba su da fanka a ciki. Zafin cikinsa ta ƙananan ramukan ƙasa da na gefe yake fita. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya yake doshin digiri 40, ga kuma ɗakin kwano, sai hoto ya riƙa tsayawa, rimot ya yi nauyi, ko akwatin ya mutu ya tashi da kansa. Bai lalace ba. Ƙwaƙwalwarsa ce take rage gudu don kada ta ƙone.

Darasi na 1: Cire filogi

Filogi shi ne kan caja mai ƙafafu da ake sokawa a bango. Soket shi ne ramin bangon. Kafin ku taɓa akwatin don kowane gyara, ku cire filogi daga soket.

Iyayena da yayyena, nan ne aka fi tuntuɓe. Kashewa da rimot ba kashewa ba ne. In kun danna rimot, hoto ya ɗauke, akwatin barci kawai ya yi. Wuta tana cikinsa. Ku duba gabansa, za ku ga ɗan haske. Muddin hasken nan yana nan, filogi yana bango.

To, mu yi tare. Ku danna rimot. Ku tashi ku je bango. Ku kama jikin filogi, ban da waya, ku zare. Ku dawo ku duba: haske ya ɗauke? Madalla. Ku jira minti 10 ya huce. Wanda ya manta a karon farko kada ya ji kunya, da koyo akan iya. Ya mayar da filogin, ya sake yi daga farko: rimot, bango, filogi, haske. An ɗauke wuta ma, ku cire, don ba a sallama in za a kawo ta.

Darasi na 2: Inda za a ajiye shi

An cire filogi? A sake dubawa.

Ku sauke akwatin daga kan dikoda ko sitabilaiza, domin su ma zafi suke yi, zafi kuma sama yake tashi. Kada a maƙale shi a bayan talabijin, kada a kulle shi a durowa. Kada a ɗora shi a kan katifa ko kafet, suna toshe ramukan ƙasa. Teburin katako ko gilas ya fi, nesa da tagar da rana take shigowa. A bar masa fili kamar faɗin yatsu 4 ta kowane gefe.

Ku samo murafen robar lemo guda 4 masu tsayi ɗaya. Ku sa ɗaya a ƙarƙashin kowace kusurwa. Akwatin ya ɗago, iska ta samu hanya. Ku leƙa kada murfi ya zauna a kan rami.

Sai maganar ƙyalle. Inna, an san ƙura ake gudu, amma lulluɓe akwati yana aiki shaƙe shi ne. An sha faɗa, ana komawa gida a sake rufewa. Haba! A rufe shi in an gama kallo, an cire filogi, ya huce. Ledar kanti da ta zo manne a jikinsa ita ma a ɓare ta. Kuma kada wanda ya sa shi a firji ko ya shafa masa jiƙaƙƙen tsumma: danshi yana kashe shi.

Darasi na 3: Ƙura

Filogi tukuna. Ƙurar hunturu tana cika ramukan, shi ya sa akwatin yake shiga bazara a toshe. Ku kifa shi, ku share ramukan da busasshen tsohon buroshin haƙori. Ban da allura, ban da tsinke. Sau ɗaya a mako lokacin hunturu, sau ɗaya a wata bayan nan.

Sai maganar caja. Ku juya cajar akwatin ku karanta. A yawancinsu za ku ga 5V 2A, wato awon wutar da cajar take bayarwa. In za ku sake wata, rubutun ya zama iri ɗaya da na tsohuwar. Mai 12V tana iya ƙone akwatin 5V nan take, ko da bakinta ya shiga.

Darasi na 4: Fanka

Ku nemi 'yar fanka mai USB, 5V, faɗin santimita 8, wajen masu kayan waya a Sabon Gari. Ku jona ta a cajar waya daban, don kada ta ƙara wa akwatin nauyi. Iska ta fuskanci ramukan. Ku kanga takarda ku ga inda take hurawa.

Darasi na 5: Buɗe akwati

A ciki akwai ƙarfe mai haƙora a kan ƙwaƙwalwar, shi yake jan zafi. In ya saki, a kai wa mai gyaran waya ya sake masa dankon ɗaukar zafi. Ban da Super Glue. A cire filogi kafin a ɗauka.