Yadda ake shirya wa yara darasin "Yau a Tarihi", da misalin 1 ga Oktoba

Duk ranar da ka ɗauka a kalanda, in ka bincika za ka tarar da abubuwa tuli sun faru a cikinta. Aikinka na farko, malami ne kai ko uba, shi ne zaɓe. Ni a ajina na biyar a nan Gusau ba na wuce abu biyar: biyu na gida, ɗaya na nesa, sai mutum biyu da aka haifa a ranar. In aka zarce haka, darasin ya koma hadda, kuma kafin a tashi tara duk sun zube.

Bari mu ɗauki 1 ga Oktoba. Ranar hutu ce, don haka ana gobe ita nake yin darasin.

Fara daga ƙofar gidan yaro. Kowa zai so ya buɗe da 'yancin kai na 1960, amma ni da 1996 nake farawa, domin a ranar 1 ga Oktoba ta wannan shekara Janar Sani Abacha ya sanar da ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato, tare da Gombe, Nasarawa, Ekiti, Ebonyi da Bayelsa, jihohin Najeriya suka cika 36. Yara da yawa sun ɗauka tun fil azal Gusau ce babban birnin jiha. Da ka ce musu a da Sakkwato ake tafiya in ana neman gwamna, sai ka ga sun gyara zama. Daga nan ka sa su kawo sunayen ƙananan hukumomi 14, kowa ya fara da inda iyayensa suka fito: wannan ya ce Anka, wancan Gummi, wata ta ce Talata Mafara.

Sai ka ja su baya zuwa 1960. Kada ka cika su da sunaye. Ya isa su san a Legas aka sauke tutar Ingila aka ɗaga mai kore da fari da kore, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na Firayim Minista, kuma wani ɗalibi mai suna Taiwo Akinkunmi ne ya zana tutar. Koren yana nufin noma, farin kuma zaman lafiya. A wannan lokaci na shekara dawa na tsaye a gona, ana shirin cire gyaɗa, saboda haka ba sai ka wahala wajen bayanin koren ba.

A nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka ka tantance kafin ka shiga aji. Jerin da ake turowa ta WhatsApp sau da yawa yakan ce Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa ranar samun 'yanci. Ba haka ba ne. A ranar Sir James Robertson ne Gwamna Janar, Azikiwe ya gaje shi a watan Nuwamba, bai zama shugaban ƙasa ba sai 1 ga Oktoba 1963 da Najeriya ta zama jamhuriya. Duk shekarar da za ka rubuta a allo, ka gan ta a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Abin da malami ya faɗa, yaro na iya riƙe shi har ya yi furfura.

Na nesa, ka zaɓi abin da zai ba su mamaki. A 1 ga Oktoba 1964 Japan ta buɗe layin jirgin ƙasa mai tsananin gudu tsakanin Tokyo da Osaka, yana kai kilomita 210 a awa. Wannan adadi ba ya gaya wa yaro komai sai ka ce masa kusan nisan Gusau zuwa Sakkwato ke nan a awa guda. Yaran da suka san tashar jirgin Gusau da dogon da ya miƙe zuwa Ƙaura Namoda za su yi ta tambaya, ka bar su su yi.

Akwai kuma abin da nake bari da gangan. Bam ya tashi a Abuja ranar 1 ga Oktoba 2010, kuma tarihi ne, amma yaranmu na Zamfara sun ji labarin tashin hankali ya ishe su. Wasu a cikin ajin ma gudu ne ya kawo iyayensu gari. Wannan sai sun girma.

Batun haihuwa na buƙatar lura. Iyaye da dama ba sa son bikin zagayowar ranar haihuwa, wasu yaran kuma ba su san ranar da aka haife su ba. Ka bayyana tun farko cewa ba biki ake yi ba, sanin mutane ake yi, kuma kada ka tsayar da yaro gaban 'yan uwansa kana tambayarsa tasa ranar. A wannan rana mutum biyu nake kawowa. George Weah, an haife shi a 1966 a Monrovia, ya tashi a unguwar talakawa, ya buga wa AC Milan, ya ci kyautar Ballon d'Or a 1995, sannan ya mulki Laberiya daga 2018 zuwa 2024. Maza na jin ƙwallo suke natsuwa, amma abin da nake so su riƙe shi ne da ya faɗi zaɓe ya amince, ya miƙa mulki lami lafiya.

Na biyun ya fi kwanta mini a rai. Jimmy Carter, haifaffen 1924, manomin gyaɗa ne a jihar Jojiya kafin ya zama shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981. Bayan ya sauka ya duƙufa kan yaƙi da kurkunu, tare da mutane irin su Janar Yakubu Gowon. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga fiye da mutum 600,000 masu kurkunu a Najeriya, zuwa 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta ƙare a ƙasar. Yaran yau ba su taɓa ganin ta ba, amma kakanninsu sun san yadda take kwantar da manomi tsakiyar damina, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan. Carter ya rasu a Disambar 2024 yana da shekara 100.

Yanzu sai a fita tsakar makaranta, domin shekaru a allo lambobi ne kawai. Ja layi a ƙasa da sanda, kowane taki ɗaya shekara goma. Yaro ɗaya ya tsaya a farkon layi riƙe da kwali an rubuta 1924. Taki huɗu saura kaɗan, mai 1960 ta tsaya, masu 1964 da 1966 na dab da ita har kafaɗu na gogar juna. Sai a yi taki uku cur kafin a iso 1996. Sauran ajin kuma su taru can ƙarshen layi, inda tasu haihuwar ta faɗo. Wata yarinya ta taɓa duban tazarar ta ce, "Malama, ashe Babanmu ya girmi Zamfara!" Lissafin da kanta ta yi shi, ban gaya mata ba.

Aikin gida guda ɗaya nake bayarwa. Kowa ya je wurin babba a gidansu, ya durƙusa ya gaida shi, sannan ya tambaya: "Inna, ina kike ranar da aka ba mu jiha?" ko "Baba, wa ya fara gaya maka?" Ka gargaɗe su cewa in hirar ta gangara zuwa shekarun da suka gabaci haka, tsofaffi ba lallai su ambaci shekara da lamba ba. Za su ce shekarar canjin hannu ko shekarar canjin kuɗi. Ka rubuta musu a allo tun kafin su tafi cewa canjin hannun tuƙi 1972 ne, fitowar naira kuma 1973, don su iya sa amsar a kan layinsu. Ranar da aka dawo hutu, ka ware rabin awa na farko, kowane yaro ya karanta abin da ya samo, a liƙa takardun a bango bisa jerin shekaru.