Yadda ake kama kifin bas mai ratsi a Tafkin Teksoma lokacin hunturu

Wanda ya saba fatsa da zafi, in ya zo Tafkin Teksoma da ke Amurka a watan Janairu, gaggawa ce ke kayar da shi. Yana jefa ƙugiya yana naɗe zare da sauri yadda ya saba, kifi kuwa yana can ƙasa sanyi ya kashe masa jiki, ba zai kori abin da ke gudu ba. Ni ma haka na yi a hunturuna na farko, na wuni ina jifa na dawo hannu rabbana.

Wannan kifi, da masuntan wurin ke kira straifa, asalinsa na gaɓar Tekun Atlantika ne a gabashin Amurka, yana hawowa koguna ya yi ƙwai. Fari ne kamar azurfa, da ratsin baƙi bakwai ko takwas daga kai zuwa wutsiya. Da aka datse kogi a Karolina ta Kudu a farkon shekarun 1940, wasu suka maƙale a bayan madatsar, aka ga sun rayu har sun hayayyafa. Daga nan aka fara zuba su a tafkuna. Teksoma, wanda ke kan iyakar Teksas da Oklahoma, an zuba masa a 1965, kuma yana cikin ƴan tafkunan da kifin ke haihuwa da kansa, domin kogunan Red da Washita suna ba ƙwan ruwa mai gudu da yake bukata kafin ya ƙyanƙyashe.

Ka fara da takarda da sutura. Akwai lasin na Teksoma kaɗai da ke ba ka damar fatsa a ɓangarorin jihohin biyu. Doka ta yarda da kifi 10 a rana, biyu kawai daga ciki za su kai inci 20 ko fiye. Ka sa kaya hawa-hawa, na sama wanda iska da ruwa ba sa ratsawa, sannan rigar ceto a kan komai tun kafin ka tayar da injin jirgin ruwa. Ba na wasa da wannan magana. Ruwan da ke ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salsiyos yana ɗauke numfashin mutum a daƙiƙun farko, ko da gwanin ninƙaya ne. In iskar arewa ta taso da ƙarfi, ka zauna gida.

Mataki na biyu, kada ka nemi straifa, nemi abincinsa. Wani ƙaramin kifi ne mai sheƙi da ake kira shad, yana yawo garke-garke. Shi ma sanyi yana wahalar da shi. Ƙaramin irinsa, da ruwa ya sauka wajen digiri 7, sai ya fara tangaɗi, wasu su mutu. Straifa yana bin garken a hankali yana tsintar masu rauni. Hanya mafi sauƙi ta gano su ita ce tsuntsaye. Fararen tsuntsayen teku suna yin hunturu a tafkin, in ka hango su suna shawagi wuri ɗaya suna faɗawa ruwa, akwai kifi a ƙasa. Ko sun zauna a kan ruwa shiru ma kada ka raina wurin. Ka kashe babban inji tun daga nesa, ka ƙarasa da ƙaramin na batir, ko ka tsaya ta inda iska ke fitowa ta tura ka cikinsu. Wanda ya kutsa tsakiyar garke da ƙarar inji ya watsa wa kowa kamu, kuma sauran masunta ba za su gode masa ba.

Ranar da babu tsuntsu, na'urar gano kifi ce idonka. Bi tsohuwar hanyar kogi da ke ƙarƙashin tafkin, inda tudu ke gangarawa cikin zurfi. Garken shad yana fitowa a allon kamar dunƙulen gajimare, manyan kifaye kuma kamar ƴan baka-baka a ƙasansa ko a gefensa. Ka lura da zurfin da suke, ƙafa 25 ne ko 40, domin duk aikin da ke gaba a kan wannan lamba yake.

Yanzu sai abin da ya fi kowanne wuya, wato rashin yin komai. Ka ɗaura ƙugiya mai kan dalma, nauyin rabin oza zuwa oza ɗaya gwargwadon iska, ka soka mata kifin roba mai siririyar wutsiya, tsawon inci huɗu ko biyar, fari ko ruwan tsanwa mai haske. Ka soka shi a miƙe. In ya karkace zai riƙa juyawa a ruwa, kifi ya ƙi shi. Ka sauke zare kai tsaye ƙarƙashin jirgi kana ƙirgawa: jawo ƙafa biyu-biyu da hannu daga kwarkwaron har ka kai inda suke, ka tsaya kaɗan sama da su, domin straifa sama yake duba in zai ci. Daga nan ka riƙe sanda cik. Kada ka girgiza, kada ka ɗaga. Tafiyar jirgi a hankali ta isa ta sa wutsiyar robar ta riƙa rawa kamar shad da sanyi ya galabaita. In zaren ya kwanta ya yi baya sosai, jirgin ya yi sauri, ka rage ko ka ƙara dalma.

Cizon hunturu ba fizga ba ne. Wani lokaci ɗan ƙwanƙwasa ne sau ɗaya, tik, kamar an taɓa sandar da farce. Wani lokaci nauyin dalmar ne zai ɓace daga hannunka, zaren ya yi sako-sako, domin kifin ya ɗauka ya yi sama. Ko wanne ka ji, ɗaga sanda nan take da ƙarfi. Shi ya sa nake cire safar hannun dama in ɗora yatsa a kan zaren, ko da yatsan zai ƙandare. Zaren saƙa ya fi na roba isar da wannan taɓi, tunda ba ya miƙewa.

Wasu suna bubbuga ƙasan jirgi da sanda a jere, dum, dum, dum, kifin ya taso ya duba. Na ga ranar da garke ya taru a allon bayan minti goma da fara bugun. In ka yi rabin awa ba taɓi, ka canza zurfi da ƙafa uku kafin ka canza wuri.

Wanda za ka saki, ka cire ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu ka mayar da shi nan take. A ruwan sanyi sun fi rayuwa bayan saki. Wanda za ka ci kuma, ka yanke masa abin numfashin da ke gefen kansa jini ya tsiyaye, ka sa a ƙanƙara. In ka zo fiɗa, akwai jan nama a tsakiyar kowane ɓari, a ƙarƙashin fata. Ka yanke shi ka yar, shi ke kawo ƙarni. Sauran fari ne tas, yana karɓar yaji, ko a suya ko a farfesu.