Kurakuran da aka fi yi a harbin kibiya da yadda ake gyara su

Idan an gama girbin shinkafa fadama ta bushe, samari kan taru bayan la'asar a bayan garinmu nan ƙasar Argungu, mu jingine buhu cushe da buntu a jikin tudu mu yi ta harbi. Wasunsu gasar harbi ta bikin kamun kifi suke hange, wasu kuma gado ne ya kawo su. Duk wanda kibiyarsa ta kauce, abin da zai ce shi ne iska ce, ko kyauron ya karkace. Wani lokaci haka ne. Amma shekarun da na yi ina tsayawa a bayan masu koyo sun nuna mini cewa galibi tun kibiya ba ta bar tsirkiya ba an riga an ɓata ta, kuma yatsu da kafaɗa ne suka ɓata ta.

Saki shi ne inda aka fi asara, don haka da shi zan fara. Mai koyo yakan ja baka har ya cika, sai ya buɗe yatsunsa da ƙarfi, hannu ya fizge waje ya bar fuska. Wannan fizgar tana jan tsirkiya gefe, gindin kibiya ya bi ta, sai ka ga kibiya tana tafiya tana kaɗa wutsiya. Kibau irin namu na gargajiya ba su da gashin tsuntsu a gindi da zai daidaita su a iska, nauyin ƙarfen kai kaɗai suke bi, saboda haka ba sa yafe mugun saki ko kaɗan. Ba buɗe yatsu ake yi ba. Daina riƙewa ake yi, tsirkiya da kanta ta ture yatsun ta wuce. Ka cika bokiti rabi da ruwa, ka rataye shi a yatsu uku, ka sassauta su har ya zame ya faɗi. Wannan sassautawar ita ake nema. Idan saki ya yi kyau, hannun zai zarce baya da kansa ya goga wuya ya tsaya wajen kunne. Idan ka ga hannunka a gefe a buɗe kamar mai ɗaga gaisuwa, fizga ka yi.

Abin da ke haifar da fizga shi ne ja da damtse. Damtse yana saurin gajiya, kuma da ya gaji sai hannu ya soma komawa gaba kaɗan-kaɗan kafin a saki, kibiya ta rasa ƙarfi ta faɗi ƙasa da inda aka nufa. Ja na ƙwarai daga baya yake fitowa. Ka ɗaga gwiwar hannu daidai da kafaɗa ko sama kaɗan, ka ji allon kafaɗarka yana matsowa wajen ƙashin baya, kuma kada ka daina wannan jan har kibiya ta tafi. Wanda bakansa ya fi ƙarfinsa ba zai taɓa jin wannan ba. Ina ganin samari suna ɗaukar bakan iyayensu don kada a ce su yara ne, suna ja suna rawar jiki. Idan ba za ka iya riƙe baka a jaye ka ƙirga goma ba tare da karkarwa ba, ka nemi mai laushi. Babu abin kunya a ciki.

Sai mazaunin hannu a fuska. Yau hannu a kunci, gobe a haɓa, jibi bai ma taɓa fuska ba. Idan hannu ya sauka ƙasa kibiya za ta tashi sama, idan ja bai cika ba za ta gaza. Ka zaɓi wuri ɗaya, misali yatsa ya taɓa gefen baki, ka riƙe shi kullum. Ka ɗaura zare a tsirkiya inda gindin kibiya zai riƙa zama, ka sa alama a kyauro inda ja yake cika. Maharban gasar Olamfik suna harbi daga mita 70, allon da suke nufa faɗinsa santimita 122, da'irar tsakiya kuma santimita 12.2 kacal. A irin wannan nisa, kaucin da bai kai faɗin farce ba a fuska ya isa ya fitar da kibiya daga tsakiya. Matan Koriya ta Kudu sun ci zinaren ƙungiya a kowace gasar Olamfik tun daga 1988 har zuwa ta Faris a 2024, kuma duk wanda ya kalle su zai ga harbinsu na farko da na ƙarshe kamar an buga su da hatimi ɗaya.

Hannun da ke riƙe baka kuma ba damƙa yake yi ba. Damƙa tana murɗa baka a daidai lokacin saki. Ka bar baka ya zauna a tudun babban yatsa, sauran yatsun su kewaye shi sako-sako. Idan tsirkiya tana dukan hannunka, ka juya gwiwar hannun waje, ka kuma ɗaura fata.

A wajen bara, wato auna abin da za a harba, abubuwa biyu ne. Na farko ido. Akwai mai harbi da dama amma idonsa na hagu ne ke jagora, sai kibansa su yi ta zuwa hagu yana ta zargin baka. Ka miƙa hannuwa, ka haɗa su ka bar 'yar kafa, ka hango wani abu ta cikinta da ido biyu, sannan ka rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai ɓace masa ba shi ne jagora. Ko dai ka koma harbi ta ɓangarensa, ko ka riƙa lumshe shi. Na biyu daɗewa. Mutum yana jira kan kibiya ya tsaya cik, alhali babu hannun da ke tsayawa cik. Yana jira yana gajiya, a ƙarshe ya saki cikin firgici. Ka kafa ido a kan ɗan tabo ƙarami, ka bar hannu ya yi 'yar shawaginsa, ka saki cikin daƙiƙa kaɗan. Idan lokaci ya wuce, ka sassauta baka a hankali ka sake daga farko. Kada ka taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, baka na iya tsagewa a hannunka.

Ni kuskuren da ya fi daɗewa a jikina shi ne leƙe. Ina saki sai in sauke baka in ɗaga kai in ga inda ta faɗa, ashe tun kafin ta fita hannuna ya fara sauka. Kawuna da ya koya mini harbi ya tsaya a bayana wata rana ya ce, "Yaro, mi kaka ma sauri? Tsaya hal ka ji ta." Tun daga ranar ba na motsa hannu sai na ji ƙarar shigarta buhu.

Haka nake sa masu koyo su yi yanzu. Mukan matso taku biyar daga buhu, babu alamar da ake nufa, kowa ya mai da hankali ga bayansa da yatsunsa. Sai kibau uku sun riƙa taruwa wuri ɗaya, ko da ba a tsakiya ba, sannan mu ƙara taku biyar. Kibau marasa kunne muke amfani da su, waɗanda ba su taɓa ganin dafi ba, kuma kafin a ɗana ta farko sai wani ya zagaya bayan tudu ya tabbatar babu yaro ko dabba.